Lemon Lucia da Almakashin Kefas

Duk Hayin Dogo, kai har ka gangara cikin Samaru, babu gidan da ke da bishiyoyin lemo masu kyan na gidan Kefas mai aski. Guda huɗu ne a jere a tsakar gida, kowace da kanta a mulmule, ganye bai fi ganye tsawo ba. Masu wucewa kan yi ɗage su leƙo ta saman katanga su yaba. Akwai ma wani mai hoto da ya taɓa roƙon a bar shi ya kawo ango da amarya su tsaya a gabansu. Abu ɗaya ne kawai bishiyoyin nan ba su taɓa yi ba tun da aka dasa su, wato lemo. Ko ƙwaya ɗaya da za a jefi kaza da ita ba su taɓa bayarwa ba.

Wannan kuwa shi ne abin da ke cin ran Lucia, matar gidan. Ita ta sayo dashen da kanta wurin Madam Ayodele, Bayarabiyar nan mai sayar da irin itatuwa a bakin titin Samaru, a shekarar da suka tare a sabon gida, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. 'Yan aure ne, in ji Madam, wato an haɗa reshen mai zaƙi a kan gindin lemon tsami, shekara uku sun fara 'ya'ya. To, Lucia mace ce mai kirki, sai dai bakinta kan riga tunaninta isa wuri. Tun dashen bai kai gwiwa ba ta miƙe a taron zumuntar mata ta yi alkawari, cewa in Ubangiji ya kai rai, ranar godiyar kaka za ta shigo coci da kwandon lemon gidanta a ka, tana rawa. Aka yi mata tafi har da guɗa. Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi, amma akwai Clara a wurin.

Clara aminiyarta ce tun suna 'yan mata, kuma irin aminan nan ne da ba su san mantuwa ba. Duk shekara in kaka ta matso, sai ta bari mata sun cika, sannan ta tambayi Lucia cikin ladabi kwando nawa za a tanada, ko kuwa gara a yi hayar akori-kura. Wata shekarar ma lemo biyu ta sayo a kasuwa ta damƙa mata a ɓoye, irin ɓoyon da kowa zai gani, wai ta kai wa bishiyoyin su ga yadda ake yi. Lucia ta yi dariya tare da kowa, ta koma gida ta kasa cin tuwo.

Ba irin dabarar da ba ta gwada ba. Ta zuba toka, ta zuba kashin kaji, ta sa an kawo mata kashin shanu tun daga Shika. Aka ce a kafa ƙusa a gindi, ta kafa. Wata tsohuwa ta ce ai bishiya ma tana jin tsoro, a ɗauko gatari a yi mata barazana. Lucia ta ɗauko gatari ta dinga zazzaga wa lemo faɗa har maƙwabta suka shigo rabo, sun zaci da mijin take. Fasto ma da ya zo ziyara sai da ta ja shi ya ɗora musu hannu. Bawan Allah ya yi addu'a mai tsawo, ya yaba kyansu, ya sha ruwa ya tafi. Lemo dai ko a jikinsu.

Kyan nan da ake yabo kuwa aikin Kefas ne. Dogo ne siriri mai tsabtar tsiya, ya fi shekara talatin yana aski a shagonsa na Sabon Gari, bayan kasuwa. Ma'aikatan reluwe, 'yan masana'antun Chikaji, 'yan tireda, malaman makaranta, duk sun zauna a kujerarsa. Mutum ne da idonsa ba ya iya ganin gashi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ya ƙyale. A coci ma rabin wa'azi kan wuce shi, don yana can yana nazarin ƙeyar waɗanda ke gabansa yana tsaki a hankali. To mai wannan hali a ce a tsakar gidansa akwai bishiya tana toho yadda ta ga dama? Ina. Ran Litinin, ranar hutunsa, yakan ɗauki tsohon almakashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita. Lucia ba ta taɓa ganin aibun haka ba, har godiya take yi masa.

Ana nan sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, iyaka dai shayi ya zuba a tire. Sannu a hankali abu ya yi gaba. Wata rana yana yi wa Oga Chuks gyaran fuska, wani mai sayar da kayan gyaran mota da ya shekara ashirin yana zuwa wurinsa, sai aska ta taɓi kunne. Ba wani babban rauni ba ne, auduga ɗaya ta tsayar da jinin. Oga Chuks ya yi dariya ya ce ba wahala, ya dafa kafaɗarsa, ya fita, bai ƙara dawowa ba. Sabon Gari kuwa ba ta riƙe labari. Tsofaffin abokan ciniki suka koma gaishe shi daga bakin ƙofa, hula a danne har kunne don kada ya ga sabon askin da aka yi musu a wani wuri. Kamar dai shi bai san sabon aski ba ko ta cikin hula.

Kefas ya saki shagon. Ya ce wahalar bas daga Samaru ce ta ishe shi, ga cunkoson Kwangila safe da yamma. Kowa ya ce gaskiya ne, cunkoson nan ya yi yawa. A gida ba wanda ya ambaci hannun. Lucia ta daina cika masa kofi, ba ta ce don me ba, shi ma bai tambaya ba. Sun je asibiti an ba da ƙwayoyi, amma ko su ba su da suna a gidan, iyaka ta ce ya sha abin nan nasa.

Daga nan bishiyoyin lemo suka zama su ne abokan cinikinsa. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta shago, ya fito da kujera 'yar tsugunno da almakashi, ya tsaya gabansu yana karkata kai. Har sunaye ya raɗa musu, akwai Manaja, akwai Direba, akwai Katikis, ƙaramar kuma Ƙaramin Oga. Yana aski yana yi musu hirar siyasa da tsadar man fetur, su kuwa ba sa musu, ba sa tsoro, ba sa duba madubi. In almakashi ya kauce ya ci ganye biyu maimakon ɗaya, ba jini ba auduga. Lucia takan hango shi ta tagar kicin yana fito, hankalinta ya kwanta. Ta san sarai abin da ya rage wa mijinta ke nan a duniya, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma maganar lemo ba ta bar ta ba. Wata bazara, zafi ya kai zafi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Clara ta sake tsokanar ta a gaban mata. Washegari Lucia ta ci ɗamara ta dira wurin Madam Ayodele da faɗa a bakinta. Ta ce an cuce ta, mazan lemo aka sayar mata. Madam, wadda a Sabon Gari aka haife ta, kuma ba a iya sayar da ita da Hausa, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin namijin lemo ba, kuma ba za a ɓata mata suna a bakin titi ba. Nan take ta bar wa maƙwabciyarta jiran kaya, suka hau acaɓa suka nufi gidan. An yi sa'a Kefas ya shiga Sabon Gari kai wasin almakashi.

Madam ta shigo ta tsaya. Ta dubi Manaja, ta dubi Direba, ta zagaya Katikis. Sai ta nemi turmi ta zauna a kai, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, Lucia na tsaye tana cika tana batsewa.

"Maman Ƙauna," in ji ta da ta samu numfashi, "lemo a bakin sabon toho yake huda. Duk tohon da ya leƙo, maigidanki ya fille masa kai. To a ina kike so ya yi furen, a saiwa?"

Ta tashi ta buɗa ganyen ta nuna mata ciki, duhu, rassa sun cushe sun sarƙe. Ta ce lemo ba ya son aski, gyara yake so, shi ma sau ɗaya a shekara, bayan an gama tsinke 'ya'ya, kafin ruwa ya sauka. A cire busasshen reshe, a cire wanda ya gitta yana gugar ɗan'uwansa, a rage na tsakiya don iska da rana su shiga. Ta durƙusa ta nuna mata wani ƙulli a ƙasan kara, ta ce nan ne wurin auren, duk tsiron da ya fito a ƙarƙashinsa mai dogayen ƙayoyi na uwar tsami ne, a datse shi tun daga tushe da abu mai kaifi, in ba haka ba shi zai shanye ƙarfin bishiyar. Amma waje, a bar shi ya yi buzu-buzu ko da zai yi kama da kan mahaukaci. Ta rantse in aka ɗauke musu almakashi daga yau, daminar nan za su yi fure.

Lucia ta raka ta har bakin titi tana ba ta haƙuri tana murna. A kan hanyar dawowa ne murnar ta fara tsinkewa. Kafin ta kai ƙofar gida ta gane abin da ke gabanta. Ko ta samu lemonta, ko mijinta ya ci gaba da riƙe almakashi, ɗaya ne zai yiwu.

Ta fara da dabara, don ba ta da ƙarfin halin faɗa masa. Ta ɓoye almakashin cikin buhun shinkafa, ya ɗauko wani. Ta ɓoye wannan a bayan tulu, ya fito da na uku, yana mitar cewa tsufa ya fara sa shi mantuwa. Wanda ya shekara talatin yana aski ai ba a ƙure shi da almakashi. Ta ƙirƙiro masa aike iri-iri, ya je ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta ce shingen maƙwabta ya yi gashi, ko zai taimaka musu. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi mai aski ne, ba leburan lambu ba.

Sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Bayan 'yan kwanaki Lucia ta fito shara da safe ta ga toho ya feso ko'ina, lallausa, a bakinsa kuma ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle farare kamar ƙwayar gero. Ashe duk shekara suna fitowa, ba ta taɓa lura ba, don ba sa kwana biyu. Tana tsaye tana kallo sai ga Kefas cikin farar riga yana fito, yana cewa lallai Manaja ya yi suma, yau sai an zauna da shi sosai.

Ta sha gabansa. Ya zaci wasa ne, ya kauce, ta sake tare shi. Ta kwashe duk abin da Madam ta ce ta faɗa masa, da sauri, tana haɗa kalmomi. Kefas ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce me mai sayar da dashe ta sani game da aski? Shi da ya gyara kan manyan mutane, yau za a koya masa inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa? Ya miƙa almakashi ta saman kafaɗarta ya ƙyasta, wani ɗan toho mai fararen ƙulli ya faɗo a kan zaninta. Nan fa zuciya ta ɗebe ta.

"Baban Ƙauna, bishiya ce fa, ba kan mutum ba. Masu kan ai sun gudu, don hannunka rawa yake. Kowa ya sani."

Magana zarar bunu. Tun kafin ta rufe baki ta so a ce ƙasa ta tsage ta shige. Kefas bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga hannun ya dube shi kamar baƙon da aka gabatar masa yanzu, almakashin na kaɗawa yana 'yar ƙara. Ya juya ya shiga ɗaki, ya tuɓe farar rigar ya ninke. Ya tattaro almakasansa, har da na cikin buhun shinkafa, wanda ashe ya san inda yake, ya naɗe su a tsumma ya sa a akwati. Da rana ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ai gaskiya ta faɗa.

Lemo kuwa, kamar jira suke, suka ɓarke da fure. Ƙamshi ya cika layi, ƙudan zuma suka tare a gidan. Bishiyoyin suka yi buzu-buzu, Manaja ya koma kamar wanda aka kora daga aiki, amma ga 'ya'ya nan kore shar suna ta girma. Clara ta zo ta gani da idonta, ta zagaya tana taɓa su ko da zare aka ɗaura, ta ce to yanzu da me za ta riƙa jin daɗin zumunta. Lucia ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙori ba.

Don kuwa ga Kefas can a bakin ƙofar ɗaki, zaune tun safe har la'asar. Hannun da babu komai a cikinsa sai rawarsa ta fi fitowa fili. Yakan ɗora shi a gwiwa ya danne da na hagu, in baƙo ya yi sallama ya tura shi aljihu. Fito ya ɗauke daga gidan. Mutumin da ke wanka tun da asuba ya koma sai ta yi magana. Abinci yana ci, gaisuwa yana amsawa, har sannu da aiki yake yi mata, kuma wannan ladabin ya fi zagi yi mata ciwo. Wata rana ta nuna masa tsiron nan masu ƙaya na ƙasan aure, ta ce Madam ta ce su a kowane lokaci ana iya datse su, kuma sai gwani. Ya karɓi wuƙa ya gama da su kafin ruwan shayi ya tafasa. Ya tambaya sauran gyaran sai yaushe. Ta ce sai an tsinke 'ya'ya, daga nan kuma sai baɗi. Ya gyaɗa kai ya koma mazauninsa.

Ran Asabar, jajibirin godiyar kaka, Lucia ta tsinki lemo. Kwando ya cika ya yi tozo, ga saura a sama ko rabi ba a taɓa ba. Ta ɓare ɗaya, zaƙi kamar an zuba sukari. Ta kai wa Kefas, ya sha ya ce Allah ya yi albarka. Abin da ta yi shekaru tana roƙo ke nan a gabanta, amma ta laluba cikin ranta ba ta sami daɗin ba. Tausayin mijinta ne ya cika ta, da jin haushin bakinta.

Ta riga ta tsefe kanta ta wanke, za ta wurin mai kitso, don gobe ita ce a gaban coci. Gashi ne da ita mai yawa, baƙi da ɗan ratsin furfura, irin wanda masu kitso ke ƙorafi a kansa suna kuma alfahari da shi. Ta fito da ɗankwali a hannu za ta wuce, sai ta ga idon Kefas ya hau kan nan nata da ya tashi tsaye. Kallon mai sana'a ne, har ya fara karkata kai, sai kuma ya tuna, ya mayar da ido ƙasa.

Lucia ta kai bakin ƙofar gida ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta dawo ta shiga ɗaki, ta fito da akwatin nan da farar rigar da ƙyallen da ake ɗaura wa mutum a wuya. Ta ja kujera 'yar tsugunno zuwa inuwar Katikis ta zauna ta ba shi baya. Ta ce kitso ya ishe ta, ciwon kai yake sa ta, saisaye take so.

Kefas ya ce ta daina wasa, gobe fa rawa za ta yi a gaban jama'a. Ta ce ɗankwali za ta ɗaura, kuma ko ba ɗankwali, wa ya aike su kallon kanta ga lemo. Kaji na ta tono a gefensu.

"Maman Ƙauna, kin san hannun," in ji shi. Ranar ce ya fara ambatarsa da bakinsa.

"Na sani. Kaina ne. Kuma ka sani tun yanzu, gashi ba lemo ba ne, ba zai jira baɗi ba. In ka fara, aiki ya same ka."

Ba ta waiwaya ba, amma ta ji ƙarar buɗe akwati, ta ji yana kakkaɓe rigar. Ya zo ya yafa mata ƙyallen, ya sha fama kafin ƙullin ya ƙullu. Da sanyin almakashi ya sauka a ƙeyarta yana kaɗawa, tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, har ta damƙe gwiwoyinta a ƙarƙashin ƙyallen. Curin gashi na farko ya gangaro ta kafaɗa ya faɗi a cinyarta. Ta dube shi, hawaye ya zubo mata, don ƙarya ne a ce ba ta son gashinta. Ta bar shi ya gangara, ba ta ɗaga hannu ta share ba.

Aiki ya yi nisa. Ko ba madubi ta san gefen dama ya fi na hagu shiga ciki, tana jin iska na taɓa fatar wurin. Kefas ya ja da baya ya karkata kai, ya dawo, ya zagaya. Can sai ta ji ya fara fito, a hankali, yana yi yana tsinkewa. Almakashin ya sake kaucewa ya ci wani wuri a bayan kunne fiye da yadda aka nufa. Ya yi tsaki, ya kama kanta da hannun hagu ya daidaita, ya yi magana da muryarsa ta shago, wadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Madam, a daina motsa kai."

Lucia, wadda tun da ta zauna ko ƙifta ido da ƙyar take yi, ta ƙara kame kanta.

"Yi haƙuri," ta ce, "ni ce."

Ta ƙara sunkuyar da kai, ya ci gaba da askinsa.